Daga 'Ya'yan Dodo Zuwa Ma'aunin Ruwa: Yadda Aka Fahimci Halittun Kogo

A shekarar 1689 wani basarake masani mai suna Janez Vajkard Valvasor ya wallafa wani katafaren littafi a kan ƙasarsa ta Karniyola, wadda a yau take cikin Sulobeniya. Bai bar komai ba: duwatsu, garuruwa, sana'o'i, al'adu, har da camfe-camfe. A ciki ya kawo labarin wata maɓuɓɓuga kusa da garin Vrhnika wadda ba ta gudu kullum. Sai ta yi tsit, can kuma ta ɓalle da ruwa. Manoman yankin ba su rasa bayani ba. Suka ce dodo ne kwance a cikin dutsen, in ruwa ya taru ya takura masa sai ya muskuta, ruwan ya samu hanya. Hujjarsu kuwa ita ce, bayan an tafka ruwan sama, ambaliya kan fito da 'ya'yan dodon daga ƙarƙashin ƙasa. Valvasor ya bi diddigin maganar, ya rubuta cewa abin da ake ta kururutawa bai wuce tsawon taƙi ba, kuma da ƙadangare ya fi kama.

Wannan shi ne karo na farko da aka rubuta labarin wata dabba a Turai wadda ake haihuwarta a cikin kogo, ta rayu a ciki, ta mutu a ciki. Ba wai ɗan Adam bai san dabbobin kogo ba kafin nan. Ya san jemage, ya san kura da beguwa da damisa, duk suna fakewa a kogo. A kogon Chauvet na Faransa an tarar da ƙoƙunan kan wata babbar dabbar dawa da ta ƙare tun dubban shekaru, wadda ke kwana a can lokacin hunturu. Amma waɗannan duk masu shiga ne su fita. Abincinsu na waje. Abin da hankali bai ɗauka ba shi ne a ce akwai halittar da duhun da ba ya yayewa ne gidanta na gado.

Shekara 300 da 'yan kai ke nan ana nazarin irin waɗannan halittu, kuma ra'ayi a kansu ya sauya sau da yawa. An fara kallonsu a matsayin abin tsoro, aka koma kallonsu a matsayin naƙasassu da suka yi asarar ido da launi. Sai daga baya aka gane cewa abin da ake kira asara tattali ne. Wannan tattalin kuma, da ya raya su tsawon zamani, shi ne yanzu yake neman zama ajalinsu.

Suna ya samu, gardama ta tashi

Ɗan dodon Valvasor shi ne dabbar da ake kira olm. Dangin kwaɗo ne, amma siffarsa ta maciji mai ƙafafu. Tsawonsa yakan kai santimita 20 zuwa 30. Ƙafafunsa huɗu ne sirara, na gaba da yatsu uku-uku, na baya da bibbiyu. A gefen wuyansa akwai wasu jajayen geza da yake numfashi da su a cikin ruwa. Idanunsa suna nan, amma fata ta rufe su ruf. Fatar kuwa fara ce mai ɗan ja-ja irin ta Turawa, shi ya sa mutanen Sulobeniya ke ce masa kifin mutum. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a ruwayen ƙarƙashin duwatsun farar ƙasa da suka taso daga arewa maso gabashin Italiya, suka ratsa Sulobeniya da Kuroshiya, suka shiga Bosniya.

Wani likita da ke aiki a garin Idrija mai ma'adinin zaiba, Giovanni Antonio Scopoli, yana cikin waɗanda suka fara samun dabbar a hannu suna nazari. A 1768 wani masani a Vienna, Josephus Nicolaus Laurenti, ya raɗa mata sunan kimiyya, Proteus anguinus. Sai dai suna bai kashe gardama ba. Manyan masana da dama suka ce ai wannan ba cikakkiyar dabba ba ce, jariri ne na wata dabbar da ba a gano ba tukuna. Kuma ba su yi wauta ba, domin a dangin kwaɗo talibambam ne ke numfashi da geza, in ya girma ya yar da su. A 1801 Carl von Schreibers na Vienna ya feɗe dabbar ya gabatar da bayanin cikinta ga ƙungiyar masanan Landan. A hankali aka yarda cewa olm yana balaga, ya hayayyafa, ya tsufa, duk da siffar ƙuruciya a jikinsa.

Har zuwa wannan lokaci yawancin olm ɗin da suka shiga hannun masana ruwa ne ya turo su waje. Ba a fara bin irin waɗannan halittu har gida ba.

Mai kunna fitila da bawan da ya zama jagora

Mutum biyu da suka buɗe wannan ƙofa ba su taɓa zama a ajin jami'a ba.

Na farko shi ne Luka Čeč, lebura mai kunna fitilu a kogon Postojna na Sulobeniya. A 1818 ana shirin tarbar sarkin Ostiriya, Francis na I, aka sa ma'aikata su ƙawata bakin kogon da fitilu. Čeč ya haye wani dutse da ke ƙetaren kogin da ke ratsa kogon, ya ɓace na ɗan lokaci, ya dawo da labarin manyan zauruka da ba wanda ya san da su. A shekarar da ta biyo aka buɗe su ga masu yawon buɗe ido. Yau an auna sama da kilomita 24 na wannan kogo, kuma tun 1872 akwai layin dogo a cikinsa.

A 1831 Čeč ya tsinci wani ɗan ƙwaro a can ciki: ba ido, ba fiffike, wuya siriri, ciki a kumbure, ƙafafu da gashin baki zaƙo-zaƙo. Ya kai wa Franz von Hohenwart, mai kula da gidan tarihi na Ljubljana, shi kuma ya miƙa wa masanin ƙwari Ferdinand Schmidt. A 1832 Schmidt ya bayyana shi ga duniya da sunan Leptodirus hochenwartii. Shi ne ƙwaron kogo na farko da kimiyya ta yi wa rajista. Da yake wanda aka tsinta ya ɗan lalace, Schmidt ya sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo na biyu. Ba a samu ba sai a 1847, bayan Čeč ya daɗe da rasuwa. Amma neman bai tafi a banza ba. Garin lalube a lunguna aka yi ta cin karo da wasu makafin: gizo-gizo, ƙadandoniya, ƙananan katantanwa, da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande. A 1849 wani masani ɗan Denmak, Jørgen Schiødte, ya tattara bayanin halittun kogunan yankin a littafi guda. Daga nan magana ta tashi daga dabba ɗaya mai ban al'ajabi, ta koma al'umma sukutum da ke zaune ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Na biyu shi ne Stephen Bishop, baƙar fata kuma bawa a jihar Kentucky ta Amurka. A 1838, yana ɗan saurayi, ubangidansa ya sa shi aikin jagorar baƙi a kogon Mammoth, wanda a yau aka tabbatar shi ne mafi tsawo a duniya, sama da kilomita 650. Akwai wani rami mai zurfi a cikin kogon da kowa ke tsayawa a bakinsa ya juya. Bishop ya samu hanyar tsallake shi, ya isa kogunan ruwa da ke can ƙasa, inda fararen kifaye marasa ido ke iyo. A 1842 masani James DeKay ya bayyana wannan kifi a rubuce. Bishop ya zana taswirar kogon daga ƙwaƙwalwarsa, aka buga ta da sunansa a 1845. An 'yanta shi a 1856, ya rasu a 1857.

Yanzu fa ga makafi a Turai, ga makafi a Amurka, teku a tsakaninsu, kuma kamanninsu ɗaya: fari, rashin ido, dogayen gaɓoɓi. Tambaya ta zama dole.

Me ya makantar da su?

Amsar farko ta zo daga Faransa tun kafin a gano yawancinsu. A 1809 Jean-Baptiste Lamarck ya kafa misali da olm a kan ra'ayinsa cewa gaɓar da ba a aiki da ita takan shanye, kuma 'ya'ya su gaji shanyewar. Bayan shekara 50, a 1859, Charles Darwin ya taɓo halittun kogo a littafinsa kan asalin jinsunan halittu. Ya lura da wani abu mai muhimmanci: duk da kamannin da ke tsakaninsu, makafin kogunan Amurka sun fi kusanci da dabbobin da ke saman ƙasar Amurka, na Turai kuma da na saman ƙasar Turai. Wato kowanne daga unguwarsu ya gangara. Amma da ya zo kan dalilin makantar sai ya tsaya. Ya kasa ganin yadda ido, ko da ba shi da amfani, zai cutar da dabba a cikin duhu har rashinsa ya zama riba. Don haka shi ma ya jingina abin ga rashin amfani da gaɓa, kusan yadda Lamarck ya faɗa.

A 1893 wani Bature ɗan Ingila, Ray Lankester, ya kawo wata dabarar. Ya ce a ɗauka ambaliya ta kwashi kifaye ta zuba a kogo. Masu kaifin ido za su hango ɗan hasken ƙofa su fice, masu raunin ido su maƙale su hayayyafa. In aka yi ta maimaita haka, sai a wayi gari ba kowa a ciki sai makafi.

Duk waɗannan bayanai sun haɗu a wuri ɗaya: sun ɗauki dabbar kogo a matsayin wadda ta ci baya, ragowar tsohuwar duniya da ta ɓuya a rami tana jiran ƙarewa. Wannan kallon ya daɗe ƙwarai. Har tsakiyar ƙarni na 20 akwai manyan masana a Faransa da ke koyar da cewa halittun kogo zuriyoyi ne da suka tsufa, ƙarfinsu ya ƙare.

Ilimin ya samu gida

Wanda ya mayar da wannan nazari fanni mai zaman kansa ɗan Romaniya ne, Emil Racoviță. Masanin halittun teku ne, yana cikin ayarin jirgin ruwan Belgica da ya maƙale a ƙanƙarar kudancin duniya a tafiyar 1897 zuwa 1899. A 1904 ya shiga kogon Drach a tsibirin Mayoka na Sifen, ya kamo wata farar halittar ruwa marar ido da ba a san ta ba. Daga nan ya juya wa teku baya. A 1907 ya wallafa wata doguwar maƙala da ake ɗauka a matsayin harsashin ilimin halittun kogo, a 1920 kuma ya kafa cibiyar nazarin kogo ta farko a duniya a birnin Cluj. Shi da abokin aikinsa René Jeannel sun bi koguna barkatai a Turai da arewacin Afirka suna tattara samfuri.

Racoviță ya gyara wani rabe-rabe da Ignaz Schiner ya fara a 1854, kuma har yau da shi ake aiki. Mazauna kogo kashi uku ne, tamkar mazauna babban gida a birni. Akwai 'yan gida, waɗanda ba su da wani wurin zuwa, kamar olm da ƙwaron Čeč. Akwai 'yan haya, waɗanda za su iya ƙare rayuwarsu a ciki amma in sun samu wuri mai duhu da laima a waje za su zauna, kamar wasu gyare da gizo-gizo. Akwai kuma baƙi masu kwana su tashi, kamar jemage.

Wannan rabon ya haska wata gaskiya: babbar matsalar kogo ba duhu ba ce, yunwa ce. Inda ba rana ba tsiro, inda ba tsiro ba abinci, sai abin da aka shigo da shi. Ruwa kan kawo ruɓaɓɓen ganye da itace. Baƙi kuma su ne manyan masu ciyarwa. Jemagu kan fita da magariba su ci ƙwari ko 'ya'yan itace, su dawo su zubar da kashi, wannan kashin ya raya funfuna da ƙananan ƙwari, su kuma su raya masu farautarsu. A kogon Bracken na jihar Texas miliyoyin jemagu ne ke taruwa kowace bazara, kashinsu ya yi tudu. Amma can ƙuryar da jemage ba ya kaiwa, sai a yi watanni ba abin da ya faɗo.

Don a ga yadda 'yan gida ke jure wannan, sai da aka kai ɗakin gwaji cikin kogon kansa. Armand Viré ya fara gwadawa a 1897 a tsofaffin ramukan ƙarƙashin birnin Paris, ambaliyar 1910 ta lalata masa aiki. A 1948 Faransa ta buɗe ɗakin gwaji a kogon Moulis da ke gindin duwatsun Pyrenees, a 1952 aka kawo olm aka zuba a kwatamai. Ma'aikata suka yi ta rubuta haihuwa da mutuwa, tsara bayan tsara.

Ashe tattali ne

Kiwon ya kashe wata tsohuwar gardama, ko olm haihuwa yake yi ko ƙwai. Ƙwai yake sakawa, uwar ta manna su a ƙarƙashin dutse ta tsare. Jariran kan fito da idanu a bayyane da ɗan launi a jiki, bayan 'yan watanni idon ya daina girma, fata ta rufe shi. Amma babban sakamako sai a 2010 ya fito, bayan kusan shekara 60 ana rubutu. Olm ba ya balaga sai ya kai wajen shekara 15. Macen kan yi ƙwai kimanin 35 sau ɗaya a shekara 12 da rabi. Matsakaicin ran baligi shekara 68 ne, kuma lissafi ya nuna yana iya haura 100. Wannan fa dabba ce da nauyinta bai wuce giram 20 ba. Tana iya shafe shekaru ba ta ci komai ba, ta rage aikin jikinta ta zauna a kan kitsen da ta tara. Ba ta gani, amma tana jin ƙanshi sosai, tana jin motsin ruwa a fatarta, har ɗan lantarkin da ke fita daga jikin abin farauta tana ji.

A 2020 wasu masu nutso da suka yi wa olm alama a wani kogo na gabashin yankin Hazegobina a Bosniya suka fitar da nasu rahoton. Yawancin waɗanda suka sake gani ba su yi nisan mita 10 daga inda aka bar su ba, ko bayan shekaru. Akwai ɗaya da aka tarar a wuri guda bayan kwana 2,569, sama da shekara bakwai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Shi olm ko zuwan ma ya rage, domin kowane motsi ci ne daga rumbu.

Amsar tambayar da ta gagari Darwin kuwa daga Meksiko ta fito. A 1936 aka gano wani makahon kifi a wani kogo a arewa maso gabashin ƙasar, daga baya aka same shi a koguna kusan 30. Abin da ya sa ya fi sauran daraja a wurin masana shi ne danginsa masu ido suna nan a rafukan waje, jinsinsu ɗaya, ana iya haɗa su su haihu. Ga kuma saurin hayayyafa, ba irin na olm ba.

A 2000 Yoshiyuki Yamamoto da William Jeffery suka ciro madubin ido daga ɗan tayin kifin rafi suka dasa a ɗan tayin kifin kogo, sai ido ya tsiro a gefen da aka yi dashen. Ashe tsarin gina ido bai goge ba, kashe shi ake yi tun a ƙwai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wani saƙo a jikin ɗan tayi da ke ƙara faɗin muƙamuƙi da yawan ƙwayoyin ɗanɗano, shi ne kuma ke daƙile ido. A 2008 Richard Borowsky ya haɗa makafi daga koguna daban-daban, sai ga wasu cikin 'ya'yansu suna gani, alamar cewa kowane kogo ta hanyarsa ya bi ya kai ga makanta. A 2015 masana a jami'ar Lund ta Suwidin suka auna kuɗin da gani ke ci: a ƙaramin kifi, ido da sashen ƙwaƙwalwar da ke yi masa hidima kan lashe har kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. A gidan da ake yunwa, wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne.

Har yanzu akwai masanan da ke cewa wani ɓangare na makantar tarin kurakuran gado ne kawai da ba abin da ya share su, tunda ido ba ya aiki. Mai yiwuwa dalilan biyu suna tafiya tare. Amma zancen ci baya ya mutu. An ga kifin nan ya rage barci, ya ƙware wajen tara kitse, sukarin jininsa na hawa yadda a jikin mutum da an kira shi ciwon suga, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Likitoci ma yanzu suna leƙa shi.

Taswira ta faɗaɗa

An daɗe ana zaton 'yan gidan kogo kayan ƙasashen sanyi ne, waɗanda suka gudu cikin ƙasa lokacin da ƙanƙara ta mamaye arewacin duniya. Daga 1971 Francis Howarth ya rushe wannan zato. A tsibiran Hawai, cikin ramukan da narkakken dutsen aman wuta ya bari, ya yi ta gano makafin gyare da gizo-gizo da wasu ƙwari masu tsotsar saiwar itatuwan da ta ratso rufin rami. Ga zafi, ga ramuka sababbi, ba labarin ƙanƙara. Ashe ba kullum gudun hijira ke kai dabba kogo ba, wani lokaci neman abinci ne.

Afirka ma tana da nata. Tun 1921 aka bayyana wani makahon kifi daga kogunan Mbanza-Ngungu a Kwango. A ruwayen ƙarƙashin hamadar Somaliya akwai wani wanda bincike a 2011 ya nuna agogon jikinsa ya daina kula haske sam, lokacin cin abinci ne ke saita shi, kuma zagayensa kan kai awa 47. A kogunan Abanda na Gabon akwai ƙananan kadoji da ke zaune cikin duhu suna cin jemagu da gyare, jikin wasunsu ya rine ya koma ruwan lemo saboda daɗewa cikin ruwan kashin jemage. A kogon Kitum kuwa, a dutsen Elgon na Kenya, giwaye ne ke shiga da dare suna kankare bango da haure don su samu gishiri.

Mafi ban mamaki ya zo a 1986 a Romaniya, kusa da garin Mangalia a gaɓar Baƙin Teku. Ma'aikata na haƙa don duba ko ƙasar za ta ɗauki tashar lantarki, sai suka huda wani kogo. Cristian Lascu ne ya fara sauka. Kogon, wanda ake kira Movile, ya yi kimanin shekara miliyan biyar a toshe. Iskar cikinsa guba ce, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, iskar shaƙa kuma ta yi ƙaranci. Duk da haka wurin cike yake da rai: kunamun ruwa, matsattsaku, shanshani, gizo-gizo, jinsi sama da 50, fiye da 30 daga ciki ba su a ko'ina sai nan. A 1996 Serban Sarbu da abokan aikinsa suka tabbatar cewa abincinsu ba daga waje yake zuwa ba. Wata yanar bakteriya ce a saman ruwa ke haɗa abinci daga sinadaran farar wuta da ke tasowa daga ƙasa, kowa kuma a kanta ya dogara. Ƙa'idar da aka ɗauka ba ta da togiya, cewa kogo sai da ciyarwar waje, ta samu togiya.

Abin da ke zubowa daga sama

Tun ƙarni na 19 aka fara cinikin halittun kogo. An sayar wa baƙi da masu tara kayan mamaki olm a cikin kwalabe. Wani makahon ƙwaro na Sulobeniya da aka raɗa wa sunan Hitler a 1937 ya shiga uku saboda sunan kawai, masu tara kayan tunawa da 'yan Nazi suna farautarsa. Baƙin kogo ma ba su tsira ba: a 2006 wata funfuna da ta samo asali daga Turai ta ɓulla a wani kogo a jihar New York, ta kashe miliyoyin jemagu a Amurka da Kanada, kuma duk kogon da jemagunsa suka ƙare, 'yan gidansa sun rasa mai ciyarwa.

Sai dai babbar barazana ba ta ƙofa take shiga ba. Dutsen farar ƙasa duk huda ne da tsaga, ruwan sama na ratsa shi kai tsaye ba tare da tacewar da yashi ke yi ba. Duk abin da aka zubar a sama, takin zamani ne, maganin feshi ne, ruwan masai ne, cikin ɗan lokaci ya isa ƙasa. A 1983 ana auna maɓuɓɓugar kogin Krupa a kudu maso gabashin Sulobeniya don a jawo wa jama'a ruwan sha, sai aka tarar da gubar da ta tsiyayo daga sharar wata masana'antar kayan lantarki a garin Semič. Shekaru da dama bayan haka an ci gaba da samun gubar a jikin olm ɗin wurin. A wannan yankin ne kuma, a 1986, aka gano baƙin olm mai idanu a bayyane, wanda duk duniyarsa 'yan maɓuɓɓugai ne kusa da garin Črnomelj, kewaye da gonaki.

Sulobeniya ta ɗauki olm da muhimmanci. Ta sa hoton dabbar a kan ƙaramin tsabar kuɗinta kafin ta koma yuro a 2007, Tarayyar Turai kuma ta sa ta cikin jinsunan da ake ba fifikon kariya. A ƙarshen Janairun 2016 wata macen olm ta fara saka ƙwai a kwatamin gilashi a Postojna, ta yi 64, aka ƙyanƙyashe sama da 20 bayan wata huɗu, kafafen labarai na duniya suka yi ta yayatawa. Daga 2017 kuma masana sun samu hanyar gane ko akwai olm a wuri ta hanyar auna ɓurɓushin ƙwayoyin gadonsa a cikin ruwan maɓuɓɓuga, ba sai an nutsa ba.

Amma kiwo a gilashi ba zai maye gurbin kogi ba. Dabbar da ke jiran shekara 15 kafin ta balaga, ta kuma jira 12 tsakanin haihuwa da haihuwa, ba ta da hanyar cike giɓi in guba ta kashe rabin zuriyarta a damina ɗaya. Duk dabarunta na jure rashi ne, ba ta da ko ɗaya ta jure sauyin gaggawa, kuma ba ta da inda za ta ƙaura. Kusan rabin mutanen Sulobeniya daga irin wannan ruwa na cikin dutse suke sha, don haka abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi ya sa masu nazarin kogo na wannan zamani suka rage zama a ƙarƙashin ƙasa. Rabin aikinsu ya koma sama: zuba rini a ramuka don a gano inda ruwan kowace gona ke ɓullowa, zama da manoma a kan yawan taki, da matsa wa hukumomi lamba a kan magudanar ƙazanta. Ƙofar ƙarfe a bakin kogo tana hana ɓarawon ƙwaro shiga, amma makomar mazauna ciki tana hannun mai gonar da ke bisa kansu, wanda watakila bai taɓa sanin akwai kogo a wurin ba.